Turaren Yagana a Gaban Bunsuru

Matata Yagana ta rasu ranar wata Alhamis da la'asar, tana zaune a kan tabarma tana tsinkar zogale. Da safen ranar ta fesa mini wani sabon turare a hula. Wannan duk ido biyu aka yi shi. Mafarkin kuwa jiya da dare na yi.

Sai na yi bayanin hular tukuna. Yagana 'yar Barno ce, kuma a gidansu ba a wasa da turare. Dokarta guda ce: ba a faɗin ra'ayi a kan turare sai ya kwana a jikin tufa. Wanda ya shinshina a kanti ya ce ya yi daɗi, a wurinta bai san komai ba, kwalba kawai ya yaba. A ranar da ta rasu ta shigo da 'yar ƙaramar kwalba ta gwaji, an rubuta a jiki wai na maza ne da mata. Ta fesa a mayafinta, ta fesa a cikin hulata, ta ce gobe da safe in faɗa mata yadda na ji. In ya yi, za ta sayo babbar kwalba mu riƙa shafawa tare. Da goben ta zo, ina zaure ina karɓar gaisuwa. Kwalbar ta bi masu rabon kaya, mayafin ma haka. Hular ce kaɗai ta rage, tana cikin wani gwangwanin alewa a ƙarƙashin gadona, kuma kullum ƙamshin raguwa yake. 'Yata Zuwaira, wadda ta tare a gidan don ta kula da ni ba tare da an nemi shawarata ba, ta sa wa hular ido. Duk Asabar in mai wankin hula ya zo sai ta tambaya.

Jiya na ce ta nemo mini turaren a waya. Ta nemo, har ta nuna mini inda masu saye suke rubuta ra'ayinsu. Na karanta har idona ya kawo ruwa. Na tsufa ina koyar da tarihi, na san daulolin da yunwa ta rushe da waɗanda cin amana ya rushe, amma ban taɓa jin wadda ta rushe don ƙarancin masu ra'ayi ba. Da wannan haushin na kwanta.

Sai ga ni a wani gari da rana tsaka, ana ruwa. Ruwan daga ƙasa yake tsirowa yana tafiya sama. Mutane sun kifar da lema sun shiga ciki sun tsaya, kansu a bushe, wandonsu sharkaf. Ban yi mamaki ba, na zauna a ƙasar da aka fi haka juya abubuwa.

Wata mai waina a bakin hanya ta ce in riƙe hulata da kyau, don ruwan garin ƙamshi yake kwashewa ya tafi da shi, shi ya sa ban da shaho babu mai yaba wainarta. Na taɓa kaina, ashe hular nan ta cikin gwangwani ce a kaina. Ta dube ta ta girgiza kai. Ta ce a garin duk ƙamshin da ra'ayoyinsa ba su cika ba, da la'asar ake janye shi daga duniya baki ɗaya, har daga tunanin waɗanda suka taɓa jin sa. Nawa saura ra'ayi ɗaya. In hanzarta Ofishin Ra'ayoyi.

A ƙofar ofishin wata akuya ce ke gadi, da kulki. Ta ce ba a shiga da hanci, saboda hanci yana kawo son kai wajen hukunci. Ga hantunan mutane nan jere a dakali, manya da ƙanana, wasu har da mura. Na cire nawa na soke a hammata, kamar yadda mai hankali yake yi da takalminsa a masallacin kasuwa.

Shugaban ofishin bunsuru ne, da tabarau da babbar riga ta shadda. Shi ne Daraktan Ƙamshi na ƙasa. Kowa yana rusuna masa yana cewa ranka ya daɗe, tun da babu mai hanci a wurin. Ni kaɗai nake jin sa ta hammata, kuma na tabbata ko gawa aka shigo da ita za ta nemi a buɗe taga.

Aka ɗora hulata a kan tebur, aka fara kiran masu ra'ayi. Kowa in ya gama magana sai ya miƙa hannu ya tsinko taurari daga silin, daga ɗaya zuwa biyar, ya zuba a faranti, awaki su cinye.

Na farko wani matashi ne da gashi kamar sheƙar ungulu. Ya ce ya fesa turaren ya je ɗaurin aure, har aka watse babu wanda ya tambaye shi sunansa, saboda haka jabu ne. Tauraro ɗaya. Wata hajiya ta ba da biyar, ta ce ba ta buɗe kwalin ba tukuna amma kwalin ya burge ta. Wani ya ba da ɗaya saboda mai kawo saƙon ya taka masa shuka da babur. Wata ta ce warin durowar goggonta yake, kuma ba sa shiri da goggon. Wani mahauci ya ce kanumfari da masoro sun yi yawa, da an ƙara ƙuli-ƙuli da ya saya don tsire. Sai wani mai gilashi ya yi dogon jawabi cewa shi ya ji fure a sama, yaji a tsakiya, itace a ƙasa, da kuma wani ɓoyayyen baƙin ciki na lemun tsami. Na tambaye shi tsawon wane lokaci turaren ya yi a jikinsa. Ya ce ai shi bai taɓa ganin kwalbar ba, ra'ayin wani ya karanta ya gyara.

Na ce wa bunsurun, da ladabi gwargwadon iyawata, mutanen nan babu wanda ya bar turaren ya kwana.

"Ya kwana a ina?" in ji shi.

"A tufa."

"Malam, nan ofis ne. Ba mu da masauki."

Sai ga mu a wurin wani biki. Rumfar maza a dama, ta mata a hagu, hulata a kan kujerar roba a tsakiyar titi, motoci suna kauce mata. An taru ne a yanke ko turaren namiji ne ko mace. Maza suka aiko wakili ya ce akwai fure a ciki, su ba za su shafa abin da ƙudan zuma zai biyo su masallaci ba. Mata suka aiko tasu ta ce yajin ya yi kaushi, ƙamshin mutumin da ke shirin ƙin biyan kuɗin makaranta ne. Wani dattijo ya kawo shawarar a raba: a tace furen a ba mata, a tace yajin a ba maza. Aka yi tafi. Har an kawo rariya.

Na miƙe na ce mutum biyu ne suka shafa shi rana ɗaya daga kwalba ɗaya, ita a mayafi ni a hula, kuma babu wanda ya rikiɗe a cikinmu. Aka tambayi taurari nawa maganata take nufi. Na ce ba ta nufin ko ɗaya. Maroƙin bikin ya sanar a lasifika cewa baƙo ya ƙaurace wa zaɓe.

Muka koma ofis ba tare da mun taka ƙasa ba. Ruwan ya fara ɓullowa ta siminti, yana wuce gwiwoyinmu yana hawa. Ina kallo wani siririn abu kamar hayaƙin kasko yana fita daga hular yana bin ruwan. Na lalubi tunanina, na tarar na fara manta yadda ƙamshin yake farawa. Inuwa kuma ta karkata, la'asar ta kusa.

Bunsurun ya ce abin mai sauƙi ne. Saura ra'ayi ɗaya, ni kuma ga ni. In faɗi kowace irin magana, ko "ba laifi" ce, in tsinko taurari uku a tashi. Yana magana yana tauna gefen hular a hankali, irin taunar ma'aikacin da ya saba.

Na fizge abata. Na ce ina da ra'ayi, na daɗe da shi, ya kwana ya sake kwana har ya gaji da kwana. Amma ba shi ya tambaye ni ba, ba mahaucin ba, ba mai baƙin cikin lemun tsami ba. Wadda ta fesa ita ta tambaya, kuma ita za a fara faɗa wa. Haka ake yi a gidanmu.

Ya tambayi inda take. Na ce ta rasu. Ya cire tabarau ya goge da kunnensa, ya ce su a nan ba su da wannan kalmar, sai dai in ina nufin Sashen Waɗanda Suka Daina Saye. Ƙarshen baranda, hannun hagu. In yi sauri, suna tashi da wuri.

Barandar doguwa ce, kuma duk ƙofar da na wuce sai wani ya leƙo ya ba tafiyata taurari. Wani ya ce ina jan ƙafa, biyu. Wata ta ce tsohon yana da kwarjini amma ba ya daɗewa. Na mayar da hancina wurinsa ina tafe, a karkace ya zauna, ban tsaya gyarawa ba.

Ƙofar ƙarshe tsakar gidanmu ce. Ga igiyar shanya, ga randa, ga tabarmar. Yagana tana zaune da tire a cinya, ganyen zogale yana tashi daga tiren ɗaya bayan ɗaya yana komawa jikin reshe, ita kuma tana taya shi da yatsa. Nan ruwan bai iso ba tukuna. Ba ta ɗago ba, ta ce in cire takalmi, yanzu ta yi shara.

Na tsaya kamar ɗalibin da aka kira gaban allo. Ta ce na rame, kuma wa ya karkata mini hanci. Na ce labarin da tsawo, akwai awaki a ciki. Ta ce ai kullum labarina akwai awaki a ciki, sunayensu kawai nake canzawa. Sannan ta miƙo hannu na ba ta hular. Ta juya ta, ta ga inda aka tauna, ta yi tsaki. Ta kai hanci ciki ta daɗe.

"Ya kwana, Malam?"

"Ya kwana."

"To, yaya ka ji shi?"

Na gyara murya. Ni da na yi shekaru ina magana a gaban aji ba tare da an roƙe ni ba, sai da na tsaya neman ta inda zan fara. Ruwan ya fara tsattsafowa ta saƙar tabarma. Na buɗe baki ke nan sai aka hau dukan ƙofa, ƙwan ƙwan ƙwan, bunsurun yana cewa an tashi, a fito da huluna. Yagana ta ce in rabu da shi in faɗa, tana ji. Dukan ya ƙaru.

Na buɗe ido. Gari ya waye, Asabar ce, mai wankin hula ne yake buga ƙyauren gidan da ɗan makullin kekensa. Zuwaira ta leƙo ta labule ta ce, Baba, yau dai akwai hula ko? Na ce babu. Ta ce ta gwangwanin fa. Na ce wannan ba ta gama aiki ba. Ta saki labulen da ƙarfi, na ji tana ce masa ya dawo wani satin.

Na jawo gwangwanin na buɗe. Babu inda aka tauna. Na sa hanci ciki, sai da na rufe ido na nutsu kafin na same shi, can a ƙasan ɗinkin, ɗan kaɗan.

Da farko yajin ya yi mini yawa, Yagana, kamar mai shigowa da faɗa. Da ya kwana sai furen ya fito, ya zauna. Ya yi. Ki sayo babbar kwalbar.