Mai Wanki Ya Ƙi Wanki

Shekara talatin da ɗoriya Babanmu yana wanki da guga, amma ranar da likita ya ce ƙodojinsa sun daina aiki, sai an riƙa yi masa wankin ƙoda sau uku a mako, ya kafe ya ce sam. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, numfashi da ƙyar, amma bakin nan yana nan daram. Likita ya ja ni gefe ya ce in ba a fara ba, maganar makonni ake yi. Ni ce babbar 'yarsa. Na yi lallashi, na yi faɗa, duk a banza.

Sai wata safiya ina shafa masa mai a ƙafa ya fito da abin da ke ransa.

"Ke yarinya ce. Rigar da ake wankewa sau uku a mako ba ta shekara. Ƙodar da ta riga ta gaji, a yi ta cuɗa ta ana matsewa? Yagewa za ta yi. Ku bar mini abata."

Ashe a zatonsa ciro ta ake yi a jiƙa! Haushi da dariya suka kama ni lokaci guda. Na ce, "Baba, mu je ka gani da idonka. Gani kawai."

Ɗakin wankin ƙodar a asibiti kujeru shida ne, kowace da injinta a gefe, jini na zagawa cikin siraran robobi. Nas ta ce, "Baba, ba ma taɓa ƙodarka. Jini muke tacewa, injin ne ke yin aikin da ta ajiye."

Wata dattijuwa da ke kujerar farko tana saƙa, hannunta ɗaya haɗe da injin, ta sa baki: "Shekarata tara a nan, malam. Akwai gajiya, ruwa ma da awo nake sha. Wasu sun fi ni daɗewa, wasu ba su kai ba. Wanda ke zama kusa da ni, ƙanwarsa ta ba shi ƙoda aka dasa masa, yanzu sai dai ya leƙo gaisuwa."

Baba ya matsa kusa da kujerarta. Ya zagaya bayan injin yana leƙe.

"Ina ruwan dauɗar ke fita?"

Nas ta nuna masa.

"Ana maimaita shi?"

"Ko kusa. Sabo ke shiga, tsoho ya wuce."

Ya daɗe a tsaye yana kaɗa kai. Ni kuwa na san in ya ce mu tafi gida, magana ta ƙare.

"To, masu aikin nan sun san aiki," ya ce. Ya dafa kujerar da ba kowa, ya zauna a hankali, ya dubi nas ɗin. "'Yar nan, rubuta ni. Amma ban da Asabar. Ranar masu kaya ke zuwa karɓa, kuma ban ga wanda zai yi musu karin guga irin nawa ba."