Ragowar Madarar Baiel

Nonona ya ƙafe tun ɗana Baiel yana ɗanyen goyo. Mijina da ke aikin gini a Mosko ya aiko da madarar gwangwani da wata ƙatuwar fida, wadda ta fi ƙarfin cikin jariri.

A nan garinmu Naryn ba a zubar da madara. Farin abu ce, wanda ya zubar da ita ya zubar da arzikin gida. Saboda haka in surukata, wadda nake kira Apa, wato Mama, ta cika fidar, dole yaron ya shanye. Ya kau da kai, ta bi bakinsa. Ya yi tumbuɗi, ta goge ta mayar.

Malamar asibiti ta ɗora shi a sikeli, ta harare ni. "Ke da kika yi karatu? Nauyin nan ya wuce watanninsa. Nemi ƙaramar fida, in ya ture ki ƙyale shi."

Na saya. Surukata ta ɗaga ta da yatsu biyu. "Amarya, wannan ta ɗan kyanwa ce? A jami'ar taku yunwa ake koyarwa?"

"Apa, ɗana ne fa, ba ragon kiwo ba."

Washegari na dawo daga ɗebo ruwa, na same ta ta cusa masa babbar fidar, yana nishi, tana jijjiga shi. "Sha, Joomart, sha. Yanzu akwai."

Joomart ɗanta ne na fari. Ya mutu tun ba a haifi mijina ba, a wani hunturu da ƙanƙara ta toshe hanya, ita ma nononta ya ƙafe. Ba a ambaton sunansa a gidan.

Na karɓi ɗana. Saura rabi a fidar, idonta na kan madarar.

"Zubarwa za ki yi?"

Na kwance murfin na kafa kai. Ga ɗumi, ga ƙarni, ga zaƙi mai tayar da zuciya. Na shanye tas.

Tun ranar haka muke. Ni ke ba Baiel da ƙaramar, nauyinsa kuma ya daidaita. Ita kuwa kullum da hantsi sai ta haɗa babbar, ta cika ta har wuya, ta miƙo mini. A tsaye nake shanyewa, ban taɓa yamutsa mata fuska ba.

Jiya da na gama, ta goge mini baki da gefen ɗankwalinta, tana kallon wani wuri can bayan kafaɗata, inda babu kowa.

"Ya ƙoshi?"

"Ya ƙoshi, Apa."