Motar da Ba Ta Tari

Yayana makaho ne, kuma shi kaɗai yake tsallaka babban titi zuwa shagonsa na saƙar kujeru, daura da tashar bas. Da tarin injinta yake gane kowace mota. Ya taɓa ce mini kowane inji da muryarsa, wani kamar liman, wani kamar mashayi. Ni ma na kasa kunne har na gaji, ban ji komai ba sai hayaniya.

Direbobin tashar suna da wata al'ada da shi. Duk wanda ya gan shi a bakin titi sai ya tsaya, ya cire giya, ya taka totur sau biyu. Rurin injin shi ne "wuce". Oda ba ta da amfani, don kowa ma danna ta yake yi.

Sai aka kwashe tsofaffin bas aka kawo masu lantarki, aka ce nan gaba ko babur ba zai yi hayaƙi ba. Ba ƙarya suka yi ba. Na ga farar riga ta wuni a kan igiya ba ta yi baƙi ba, har kurciya ta yi sheƙa a rufin tashar.

"Baba mai kujera, yau wace mota nake ja?" in ji Dogo, direban da ya fi tsokanarsa.

"Gawa kake ja, ɗan nema. Ko numfashi ba ta yi."

"To gawar nan ta fi ka gudu!"

Wata safiya Dogo ya hango shi, ya tsaya. Sai ƙafarsa ta yi abin da ta saba shekara da shekaru: ta bar birki ta taka totur. Sabuwar mota ba ta ruri. In ka taka, tafiya take yi. Ta zabura ta bugi Yaya a ƙugu.

Dogo ya zo asibiti, hula a hannu.

"Wallahi Baba, ce maka nake yi ka wuce."

"Na sani. Zauna, ka tsaya mini a ka kamar mai bin bashi... kamar likita."

Bayan haka aka sa wa motocin wata 'yar ƙararrawa don masu tafiya a ƙasa. Da Yaya ya fara takawa, na kai shi bakin titi ya saurara. Ya daɗe a tsaye.

"Wacce ce ta Dogo?"

"Ga ta nan, ta tsaya maka."

"Wadda ta tsaya da wadda ke tafe duk kukansu ɗaya."

Ya juya. Da yamma ya sa muka kwaso kujeru da zaren roba zuwa gida. Matarsa ta tambaya ko a jera su a zaure, inda masu wucewa za su gani.

"A kai ɗakin baya," in ji shi. "Kuma a rufe tagar."