Sammacin Baban Shalele

Da hantsi ne, ana ta yayyafi tun safe, rana ta ƙi fitowa. Tana cikin kantin maganin da take aiki tana jera kwalaben maganin tari, sai ta hango shi a bakin ƙofa yana kakkaɓe takalmi. Mijinta ne, mai walda, wanda ta kai ƙara kotu a raba aurensu. Ta san sammaci ya same shi, don ita ta kwatanta wa masinja rumfarsa.

Ya zaro takardar daga cikin riga, a naɗe cikin leda.

"Malama, sannu da aiki." Haka yake kiranta tun tana amarya, don ita ce mai karatu a gidan. Katin asibiti, saƙon waya, komai ita yake miƙa wa.

"Baban Shalele, me ya kawo ka?"

"Masinja ya faɗa min ko mece ce, amma bai tsaya ba, ruwa yake gudu. Ban san abin da ake so in yi ba."

"Ka rasa mai karanta maka sai ni? Ni fa na kai ka."

"To wa zan ba? Mai facin kusa da ni? Kafin azahar har masu tsiren nesa sun ji." Ya ɗan yi dariya, ita ko ta kasa.

Ta karɓa. Shafin farko bai ba ta wuya ba. Yakan tafi aiki wani gari wata da watanni, ba waya ba aike, ta gaji, kuma ko yanzu ba ta da niyyar komawa. Ya saurara yana gyaɗa kai, bai musa ba.

Shafi na biyu ne ya tsaya mata a wuya. An rubuta cewa ba ya kula da 'yarsu Shalele, kada a bari ya riƙa ɗaukarta. Yayarta ce ta matsa a sa, wai kotu ba wurin tausayi ba ne. Lauyanta kuma ya ce in mijin bai ba da amsa ba, alƙali zai yanke a bayan idonsa. A ranar, kai kawai ta gyaɗa musu. Alhali in yana gari a kan wuyansa yake ɗaukar Shalele ya kai ta makaranta, har kujera ya ƙera mata daidai tsayinta.

In ta tsallake layin ba zai taɓa sani ba.

Wata tsohuwa ta shigo neman maganin ciwon gwiwa. Ta sallame ta a hankali, har da bayanin da ba a tambaya ba. Da tsohuwar ta fita, ta karanta masa duka, muryarta ƙasa ƙasa.

Ya daɗe yana kallon kwalaben.

"Ke kika ce haka?"

"Lauya ne ya rubuta."

"Hannun wa ke ƙasa?"

"Nawa."

Ya miƙo hannu zai karɓi abarsa. Ta riƙe, ta jawo farar takarda daga ƙarƙashin tebur.

"In ka yi shiru, shi ke nan an ba ni Shalele. Faɗi amsarka in rubuta."

"Ban iya maganar kotu ba."

"Kana so ka riƙa ganinta?"

"Haba Malama. Wannan ma tambaya ce?"

Ta rubuta yadda ya faɗa, ta ƙara batun makaranta, tana jin abin da Yaya za ta ce in ta ji. Ta shafa masa tawadar biro a babban yatsa ya dangwala.

"Ka kai wa magatakardan kotu kafin Alhamis. Ka ce ya buga hatimi, ya ba ka kwafi. Kada ka bari sai ka gama ƙofar wani."

Ya naɗe takardun biyu cikin ledar, ya tura a riga. Bai dube ta ba, ya sa kai cikin yayyafin.