Wayar da Ba Ta Son Jiƙaƙƙen Hannu

Wayar da Auta ta aiko mini ba ta fi bangon littafi kauri ba. Da na fitar da ita sai da na juya kwalin na girgiza, ina zaton sauran jikinta yana ciki. Baƙa ce wuluk, sumul, babu maɓalli ko ɗaya a fuskarta. Auta ita ce ƙaramar 'yata, shekararta biyu ke nan tana aiki a wata ƙasa mai nisa. Yayyenta maza kowa ya kama gabansa da iyalinsa, babansu kuma ya rasu tun kafin ta tafi. Ni kaɗai na rage a ɗaki biyu da tsakar gida.

Maganar gaskiya, wayar ta yi. Ranar farko da Auta ta kira ni ta bidiyo na ga har ɗan tabon da ke haɓarta, wanda ta samu a dokin ƙofa tana shekara huɗu. Gani ya kori ji. Muryarta kuwa tar, kamar tana ɗaki na kusa. Na yi ta shafa gilashin har hoton ya gudu, ita kuma tana dariya tana cewa, "Mama, ki daina taɓa ni, kashewa za ki yi."

Sai dai wayar nan tana da halaye biyu da ba a rubuta a kwali ba. Ba ta son jiƙaƙƙen hannu, kuma ba ta iya rufa asiri ba. Ni kuwa ga jiƙaƙƙen hannu, ga asirin da nake ɓoyewa.

Shekara ashirin da shida na yi a ɗakin wankin wani asibiti. Da Auta ta samu aiki ta sa na yi mata alkawarin zan ajiye, saboda ciwon baya. Na ajiye. Na huta wata huɗu, hutun da ya kusa haukata ni. In share tsakar gida da safe, in sake sharewa da hantsi, alhali ko ganye ɗaya bai faɗo ba. Ranar da na kama kaina ina yi wa buta faɗa don ta kife, washegari na je wajen shugabar aiki na ce a mayar da ni. Ban gaya wa Auta ba.

Da tsohuwar wayata mai maɓallai babu wata matsala. Auta ba ta da lokacin kira sai hutun cin abincinta, minti goma sha biyar, wanda a wajenmu yake faɗowa da hantsi, daidai lokacin da hannuna ke cikin baho ina cuɗa zannuwan gado masu tabon da inji ba ya fitarwa. Tsohuwar ko da haɓa na danna ta za ta amsa. In maƙale ta a kafaɗa in fita bayan ƙofa, in ce ina gida a kwance. In ta ji ƙarar injuna in ce ai injin niƙan maƙwabta ne.

Ranar da sabuwar ta fara yin ƙara a wurin aiki, na goge hannu a riga na shafa, ta ƙi. Na sake shafawa, ta yi kamar ba da ita nake ba. Yatsun da suka yi awa uku a ruwan sabulu duk sun yamutse, ita kuwa gimbiyar sai busasshen yatsa mai laushi. Ta ma suɓuce mini, ba don tarin tawul da ke ƙasa ba da tuni ta tashi aiki. Kafin in tsane hannu kiran ya katse. Daga baya na gane ashe taimakona ta yi, don da ta amsa da Auta ta ga injuna da bahuna da uwarta cikin rigar aiki.

Sai na daina ɗauka. In ta yi ƙara in bar ta tana rawa a aljihu. Da yamma, lokacin ita ta riga ta kwanta, in aika mata saƙon murya: barci ne ya ɗauke ni, na je dubiya, caji ya ƙare. Na ƙarshen ba duka ne ƙarya ba, don wayar nan da kyar cajinta yake kai la'asar.

Abokiyar aikina, wadda muke kira Rediyo don bakinta ba ya hutawa, ta ce, "Yaya, ramin ƙarya ƙurarre ne fa. Yarinya ta sayi waya don ta gan ki, ke kuma kin mayar da ita agogo."

"Ki ji da gugarki," na ce mata.

Kiran ya fara raguwa. Daga kullum ya koma bayan kwana biyu, daga nan sau ɗaya a mako. In na dawo gida sai in zauna a bakin gado in buɗe hotonta da yatsu biyu yadda ta koya mini, har idonta ya cika gilashin. Kewarta ta ishe ni, ga shi ni na jawo wa kaina. Ana nan sai ga saƙonta: "Mama, in damunki nake yi ki faɗa mini, sai in daina." Sau biyar na saurare shi. Babu fushi ko kaɗan a muryar, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Washegari tun saura minti ashirin hutunta ya yi na fitar da hannuna daga baho, na ɗora su a kan injin busarwa mai ɗumi har suka bushe. Ban jira ta ba, ni na kira.

Fuskarta ta fito da fara'a. Sai na ga idonta ya bar fuskata ya wuce bayana, ya dawo kan rigata. Fara'ar ta ɗauke.

"Mama, ina ne nan?"

"Kin san inda yake. A nan kika yi rarrafe."

"Tun yaushe?"

"An fi shekara."

"Haba Mama! Abin da nake aiko miki ne bai isa ba? Me kika rasa?"

"Mutane," na ce. "Mutane na rasa, Auta. Gidan nan in na yi tari babu mai ce mini sannu. Nan ko ba komai akwai Rediyo, ta ishe ni da surutu in yi mata tsawa."

Rediyo ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Autar Mama, kin ganmu nan, tsofaffin injuna ba ma mutuwa!"

Auta ta ɗan yi murmushi. A lokacin ne na lura da inda take. A kan matakalar bayan wani gini take zaune, ga robar abinci a cinyarta, ga bango fari fat, babu kowa.

"Ina abokan aikin naki?"

"Suna ciki. Ba ma jin yaren juna sosai." Ta juya cokali a cikin robar. "Minti goma sha biyar ɗin nan, Mama, shi kaɗai ne nake buɗe baki in yi hira da mutum a rana. Da kika daina ɗauka sai in cinye abincin in koma tun lokaci bai yi ba."

Ni da nake kukan kaɗaici, ashe wata nake ta ɗora wa nawa a kan nata.

"Ba sai kin tsaya ba," ta ce. "Kada a yi miki faɗa. Ki jingine wayar a wani wuri ki ci gaba da aikinki, ni dai in riƙa jin hayaniyarku."

Wayar ba ta iya tsayuwa da kanta, sai da Rediyo ta tokare ta da sabulu biyu a kan taga. Injuna suna ta ruri, Rediyo ta dasa labarin surukarta daga farko, can cikin gilashin Auta ta fara cin abincinta tana kallonmu. Na juya mata baya na mayar da hannuna cikin baho, ban sake waiwayowa ba har lokacinta ya cika, don ba na so ta ga fuskata.