Sharhin da Rakan Bai Ƙarasa Ba

Tun da aka ce Hajiya Ɗaso na neman Rakan bayan la'asar, shi kaɗai, ya san akwai magana. Ɗaso kakar Shifa ce, yarinyar da yake nema da aure, kuma a gidan nan na unguwar Jarwal a Makka ko uban Shifa ba ya yanke magana sai tsohuwa ta gyaɗa kai. An riga an kai gaisuwa, saura sa rana. Sai wani ɗan uwa mai kaifin baki ya kai mata waya, ya nuna mata hoton Rakan cikin baƙar riga, tsakiyar Turawa masu gashi har gadon baya, kowa ya wage baki yana ihu.

Shi Rakan haifaffen Makka ne, yana aiki a kamfanin motocin alhazai a Aziziyya, sallarsa ba ta wuce shi. Abu ɗaya ne ya shiga ransa ya ƙi fita: kiɗan da Turawa ke kira metal, shi ma mai tsananin nan, wanda mawaƙi ke gurnani kamar raƙumin da aka yi wa lodi. Bayan ƙaramar sallah ta 2017 ya ɗauki hutu ya tafi bikinsu a Jamus, ya dawo ya rubuta sharhin daren buɗewa da Larabci a wani shafin intanet. Can aka samo hoton.

Ya tarar da ita a zaune kan katifa da carbi a hannu. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa a gajarce. Ba a kawo masa shayi ba, kuma a gidan Ɗaso wannan ma magana ce.

"An ce ka yi rubutu kan abin da kag gani," in ji ta, da Sakkwatancinta da shekaru hamsin a Makka ba su goge ba. "Karanta min. Da Hausa."

Hausar Rakan dai sai a hankali, tana tafiya tana tuntuɓe da Larabci. Ya buɗe waya. Ya yi tunanin ya tausasa wasu wurare, sai ya dubi idon tsohuwa ya fasa.

"Ya'ani, Hajiya, na ce an yi ruwa, fili ya zama taɓo. Ƙungiyar farko ba su yi kyau ba. Ganga ta danne jita, ba a jin komai sai dukan ƙirji."

"Af! Jirgi kab biya don ka ji kiɗan da bai yi kyau ba?"

"Na biyun sun gyara, wallahi. Mai gangarsu yana kaɗawa da ƙafa biyu, sauri kamar keken ɗinki, bai kuskure ko sau ɗaya ba. Na yabe shi sosai."

"Mi suka faɗi cikin waƙar?"

"Yaƙi, mutuwa, fushi da duniya. Galibi ma ba a gane kalmomin."

"To, Allah shi kyauta," in ji ta, ta ja carbi. Rakan ya fara hango Shifa tana yi masa nisa, abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don yana sonta ba da wasa ba.

Ya ci gaba don bai san abin da zai yi ba in ya tsaya. Ya bayyana mata yadda ake buɗe da'ira a tsakiyar taro, matasa su shiga suna gudu suna bangazar juna don murna. Da ya iso ƙarshen rubutun sai ya kife wayar a cinyarsa.

"Ya ƙare?"

"Saura kaɗan, amma ba daɗi. Nan ne masu karatu suka yi min dariya."

Dole su yi dariya. Babbar ƙungiyar da ta rufe daren, wadda dominta ya tsallaka teku, ga abin da Rakan ya rubuta a kanta: ba zai iya cewa komai ba, don bai gan su ba. Wani ya rubuta masa a ƙasa cewa ya je walima ya dawo da labarin tabarma. Haka ya karanta mata, bai rage komai ba.

"Ina kat tai?" in ji Ɗaso.

"Wani mutum ne ya faɗi cikin da'irar, dab da babbar ƙungiyar za ta hau dandamali. Babba ne, ya yi biyuna. Al'adarsu in mutum ya faɗi a ɗaga shi, kuma mun ɗaga shi, amma ƙafarsa ta gurɗe. Mutane suka juya wajen dandamali, halas, shi ke nan, kowa ya manta. Ni na saba da aikin Mina, Hajiya, na san abin da taro ke yi wa wanda ba ya iya tsayuwa. Na rataya hannunsa a wuyana muka fita. Tantin likita da nisa, ga taɓo. Ba shi da kowa, sai na zauna har aka ɗaure ƙafar. Daga can ba a jin komai sai rugugi."

Carbin Ɗaso ya tsaya.

Sannan ta ce, ba tare da ta dube shi ba: "Ina yarinya, kafin a faɗaɗa wurin jifa, na taɓa faɗuwa can. Ba abin da nake gani sai ƙafafu. Kowa da duwatsunai a hannu, kowa sauri shikai. Wani ya zubar da nashi ya ɗauke ni. Har yau ban san fuskarshi ba, amma kullum yana cikin addu'ata."

Rakan ya sunkuyar da kai.

"Waɗanga da ba ka gani ba," in ji ta, "kana da su cikin wayar?"

"Akwai, Hajiya."

"Kunna mu ji abin da kar rasa."

Ya rage murya iyakar ragewa, ya kunna. Ɗakin Ɗaso, wanda bai saba jin komai ba sai karatun Ƙur'ani da gulmar jikoki, ya cika da gurnani da ruwan ganga. Tsohuwa ta karkata kai ta saurara da gaske, har da lumshe ido, kamar mai ɗanɗana miya. Sannan ta ɗaga hannu, ya kashe.

"Ba ka yi asara ba, ɗana," ta ce.

Ta juya wajen labule, inda tun ɗazu ake ganin yatsun ƙafar wata suna leƙowa, ta ɗaga murya: "Shifa! Kin bar min ango zaune ba shayi? Kawo da hannunki."