Mai Aski a Kujerar Gaba

…kuma suka miƙe tsaye, Yaya! Ina sa ƙafa a ajin, yaran nan duk suka miƙe. Sun ga furfura, sun ga jaka a hammata, sun zaci ni ne malamin. Na ce ku zauna, 'ya'yana, ni ma karatun na zo. Dariya. Ba ta raini ba ce, na san dariyar raini, na sha ganin ta ta madubi… wannan ta jin daɗi ce. Wani dogo ya janye ƙafarsa ya ba ni hanya. Askinsa bai yi ba, an karkatar masa da layin goshi, hannuna har ƙaiƙayi yake, amma ba yau ba. Yau ba da almakashi na zo ba.

Kujerar gaba. Ni. Ga katin shaida rataye a wuyana. Hoton ya fito da ni kamar wanda aka kama da akuyar mutane, amma sunan nawa ne, a ƙasansa kuma an rubuta ɗalibi. Ɗalibin kwaleji, Yaya, ka ji? Auta ce ta cike mini komai ta waya. Ta ce, Baba, darasin farko na rubutu da bincike ne, kowa sai ya bi ta kansa, don Allah kada ka je ka cika su da surutu irin na shago. Ji 'yar nan fa! Ni da na zauna jarrabawa tsakanin yaran da nake ɗorawa kan katako don kansu ya kai madubi, na kuma ci… ni za a koya wa zama?

Malamar ba za ta girmi Auta da yawa ba. Siririya, ga tabarau, murya ƙasa-ƙasa, amma ajin ya yi tsit. Ta juya ta rubuta a allo: Wa ya ce? Shi ke nan. Wai duk abin da za mu rubuta a nan sai an san inda muka samo shi, wai "an ce" ba hujja ba ce. Ikon Allah! Ai da "an ce" na riƙe shago. A can ni ne jarida, ni ne alƙali: dalilin tsadar kaya, wa zai ci ƙwallo, maganin sanƙo… mutumin da reza ke maƙogwaronsa ina ya ga bakin musu? Ga shi yau yarinya ta tsaya a gabana ta ce kawo shaida. Abin mamaki, daɗi na ji. Kamar dai in an ba ni kai mai wuyar aski, irin wanda sai gwani.

Biro ya fi almakashi nauyi, wa zai yarda? Amma rubutuna na nan, bai mutu ba. Ka tuna wanda na yi a firamare kan ranar da kasuwa ta yi gobara, malaminmu ya karanta wa aji, har ya aika da shi ajinku? Ka dawo gida kana cewa ƙanena ne, ƙanena ne… Bayan hutu kuma Abba ya kama hannuna da safe, muka wuce ƙofar makaranta, ba mu shiga ba. Shagon abokinsa mai aski. Tsintsiya aka fara miƙo mini. Ba wanda ya ce mini ga dalili, ni ma ban tambaya ba, yaro na tambayar ubansa dalili? Kai ka ci gaba, har ofis, har ɗaurin wuya. Ban taɓa yi maka ƙyashi ba, Allah ne shaida. Sana'a ta yi mini riga da wando. Na yaye yara sun buɗe nasu shagunan, 'ya'yana kuma ba wanda bai ga ƙarshen makaranta ba. Ko ɗaya ban cire ba.

Na'am, malama? Wai kowa ya rubuta tambaya guda. Wadda ba ka san amsarta ba, wadda kuma ta dame ka da gaske, don da ita za ka kwana ka tashi har ƙarshen zango. Tambayar da ban san amsarta ba… ni? Yarinyar gefena har ta cika layi uku, wani abu kan waya da rashin barci. Dogon can yana tauna biro. Bari mu gani. Me ya sa shago ke mutuwa in mai shi ya mutu? Wannan ta yi, na ga haka da idona ba sau ɗaya ba. Ko kuwa me ya sa matasa yanzu… a'a. Hannun nan ina za ka? Ba ita na yi niyya ba.

Me ya sa ake cire yaro daga makaranta a bar ɗan'uwansa?

To. Ta riga ta zauna a takarda. In goge? Ga malama ta iso, ta sunkuyo, tana karantawa da yatsa. Ta ɗago. "Baba, wannan tambaya ce mai kyau ƙwarai." Ka ji ko? Mai kyau ƙwarai! A gaban aji, har dogon ya juyo yana kallona. Da ma Auta na nan ta ji da kunnenta. Ƙirjina kamar ya fasa riga… "Sai dai ta yi faɗi. Ka matse ta. Wane yaro, wane gida? Wa kuma za ka je ka tambaya?"

Wa zan tambaya. Abba ya tafi kabari da nasa dalilin. Umma ta bi shi, ita dama ko an taɓo zancen sai ta tashi ta shiga kicin. Maigidana mai aski ma ƙasa ta rufe masa ido. Saura wanda ke cikin ɗakin ranar da aka yanke maganar, ni ina tsakar gida ina wasa. Kai. Kai ka girme ni, an bar ka ka zauna. Na ga fitowarka, idonka ja, ka wuce ni.

Tun da ciwon nan ya shanye maka ɓarin jiki harshenka ya yi nauyi. Duk mako ina zuwa da jakata, in ɗaura maka ƙyalle, in shafa kumfa, in yi ta zuba: labarin shago, labarin unguwa. Ka ce "ka… ka…" in ce ruwa? Fanka? A gyara filo? In ƙarasa maka, don kada ka wahala. Haka nake cewa, don kada ka wahala.

Malama ta koma gaban allo, tana bayanin yadda ake hira da mutum don bincike. Wai in ka yi tambaya ka kama bakinka. Kada ka sa masa magana a baki, kada ka cike shirun, komai tsawonsa. Ka jira. Yara na rubutawa, ni ma ina rubutawa, ka… ji… ra…

Ranar da na kai maka takardar shiga kwalejin nan ka riƙe mini hannu da hannunka mai lafiya, ka matse, bakinka na rawa. "Ni… ni ne…" Na ce na sani, Yaya, kai ma ka yi murna, na ci gaba da aski.

Ni ne me?

An tashi. Kujeru na ƙara, dogon na tambaya ko ina shagona yake. Jibi ne ranar askinka. Zan iya kuwa? In ajiye reza, in zauna a gabanka, in yi shiru har ka kai ƙarshe… ni, shiru…